Rabon Hagu a Jinin Baba

A gidan mai aski ba a jira mutum ya mutu kafin a raba gadonsa. Gwaggo, yayar Baba, ita ce mai rabon, kuma ba ta neman shawarar kowa. Duk jaririn da aka haifa a gidan, tun bai gama bushewa ba za ta ɗauke shi ta kai bakin taga, ta juya shi nan ta juya shi can, sannan ta faɗi abin da ya ɗebo a jikin ƙaninta. Yaya, ɗan fari, hanci ya samu, hancin nan na Baba mai riga mai shi shiga ɗaki. Auta kuwa tun haƙori bai fito ba Gwaggo ta ce wushirya ce da dariya, kuma don neman magana haka ɗin aka yi.

Ta tsakiya ce ta ɓata wa Gwaggo sana'a. Gwaggo ta juya ta, ta sake juyawa, ta duba har tafin ƙafa, daga nan ta miƙa wa Umma abarta ta ce, "Wannan sai a jira."

Ana jiran har yarinya ta girma ta buɗe shagon ɗinki. Hanci bai zo ba, wushirya ba ta zo ba, ko tafiyar Baba ba ta ɗauko ba. Abin da ya zo shi ne hannun hagu, a dangin da ba a taɓa yin bahago ba, shi ya sa sunanta na yanka ya ɓace kowa ya koma ce mata Hagu. Tana ƙarama, duk sanda ta miƙa hagu cikin kwano sai Baba ya zaro mataji daga aljihu ya ɗana mata a bayan hannu. Ba da zafi ba. Matajin ne ya gaji, hannun bai gaji ba.

Yaya kan ce a cikin gashin da aka share a shago aka tsince ta. In ya faɗa, ita ce ke fin kowa ƙyaƙyatawa, amma abin yana cinta. Sau nawa ta hau kujerar aski in babu kowa, ta ƙura wa babban madubin Baba ido tana neman ko da kunne ɗaya ne. Ba wani abu mai yawa take nema ba. So take wata rana Gwaggo ta nuna ta da yatsa ta ce ga na Baba nan.

Da hantsi abin ya sami Baba, yana tsakiyar yi wa mai gyaran babur aski. Kilifa ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi ƙasa tana ta kuka, bakinsa ya karkace, ya buɗe zai ce a miƙo masa ita sai magana ta ƙi. Allah ya sa Yaya, wanda direban motar safa ne, yana hutu a gida ranar. Ya sungume shi ya sa a mota, mai gyaran babur na biye da su da rabin kai a aske da tawul a wuya, har cikin asibiti.

Likitar da ta karɓe su wata 'yar gajeruwar mata ce mai saurin tafiya, tana magana tana gyara tabarau. Ta ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, kuma saurin kawo shi ya yi rana. Baba ya tashi. Ƙafa ta dawo, magana ta dawo da nauyi, kalma ɗaya ɗaya, amma hannun dama ya kwanta a cinyarsa ya ƙi komai sai ɗan motsin yatsu.

Ranar da za a sallame shi likita ta tara su a bakin gado. Ta ce, "Jini yana da ma'aikata iri biyu. Akwai masu daskarar da shi in mutum ya yanke, akwai kuma masu riƙe su don kada su wuce gona da iri."

"Masu rabon faɗa ke nan," in ji Umma.

"Yauwa, Hajiya, masu rabon faɗa. Guda uku muke aunawa. Biyu lafiya lau suke a jikin Baba, amma ɗaya, wanda muke kira furotin C, ya yi ƙasa sosai. Mun sha lura cewa waɗanda nasu ya yi ƙasa a lokacin ciwon nan sukan fi shan wahalar farfaɗowa, shi ya sa muka sa masa ido. Amma ciwon kansa yana cinye shi, don haka ba zan ce komai ba tukuna. Ku dawo da shi in jiki ya lafa mu sake aunawa."

Da jiki ya lafa aka sake aunawa, furotin ɗin yana nan a ƙasa inda aka bar shi. Likita ta tambaya ko akwai wanda jini ya taɓa daskare wa a dangi. Gwaggo ta gyara zama, domin tarihin dangi gonarta ce, ta ba da labarin ƙaninsu da ƙafarsa ta kumbura bayan doguwar tafiya, kwana kaɗan numfashi ya ɗauke masa yana saurayi. Likita ta cire tabarau ta ce ba za ta ɗora wa furotin laifin duka ba, don hawan jinin Baba ma ya ba da nasa, amma da alama da ƙarancin aka haife shi, kuma irin wannan ana gadonsa. Ta ce a kawo 'ya'yan duka a duba su.

Yaya ya shafa hancinsa, jikinsa ya mutu. Auta ta rufe wushiryarta da tafin hannu. Kowa a ɗakin ya san yadda lissafin gidan yake: wanda ya kwashi Baba a fuska shi zai kwashe shi a jini. Ba wanda ya ko waiwayi Hagu.

"Ke ma sai an ɗebi naki?" in ji Yaya ranar da suka je ɗakin gwaji. "Kada a ɓarnatar da allura. Ke ai jinin gashi ne a jikinki."

"A ɗiba dai, Yaya, ko don in raka ku," ta ce, ta miƙa hannun dama, don na hagu na aiki ne.

Ranar karɓar sakamako su ukun suka jeru a benci ɗaya a ofishin likita. Yaya ya riga ya yi wa kansa ta'aziyya, har ya fara tunanin wanda zai bar wa motar. Auta tana ta jan carbi ba ta san me take karantawa ba. Hagu kuwa labulen ofishin take kallo, tana mamakin telan da ya yi masa wannan kalmasa a karkace.

Likita ta duba kwamfuta ta ce, "Babban, naka lafiya lau." Yaya ya saki numfashin da ya ɗaga takardun kan tebur. "Ƙaramar, ke ma lafiya." Auta ta fashe da kuka, ta koma dariya, ta sake komawa kuka. Sai likita ta juyo da kujerarta, ta sassauta murya yadda suke yi in labari ba daɗi. "Ke kuma, 'yar'uwa, ina so ki kwantar da hankalinki. Naki kusan rabin yadda ya kamata ne. Irin na Baba ne."

"Irin na wa?"

"Na Babanku."

"Likita, don Allah sake dubawa. Sunana ne a wurin? Ba na Yaya ba?"

"Naki ne. Sau biyu aka auna."

Hagu ta miƙe tsaye. Wani abu ya taso mata daga ciki, ta danne shi da hannu biyu ya ƙi dannuwa, sai ga guɗa ta ƙwace mata a tsakiyar ofishin likita, har wata nas ta leƙo da gudu ta ɗauka wani ne ya faɗi. Ta rungume Auta, ta rungume Yaya, ta zagaya tebur ta rungume likita da tabaranta.

"Na gaji Baba! Yaya, ka ji? Hanci ai a waje yake, kowa ma zai iya yin hanci. Ni a ciki na gaje shi!"

"Kin haukace ne? Cuta fa aka ce," in ji Yaya.

"Ta wa? Ka faɗa da bakinka, ta wa?"

Likita ta gyara tabarau, ta kalli wannan ta kalli wancan. A shekarun da ta yi tana ba mutane irin wannan labari ta ga masu kuka, ta ga masu zagi, ta ga wanda ya suma, amma mai guɗa yau ta fara gani. Da ƙyar ta zaunar da Hagu ta yi mata bayani. Ta ce da yawa masu irin wannan jini suna tsufa ba abin da ya same su. Amma kada ta daɗe a zaune a kan keken ɗinki ba ta tashi ta taka ba, haka ma a doguwar tafiya. In za a yi mata tiyata, ko ta sami ciki, ko za a ba ta ƙwayar tsarin iyali, ta faɗa tun kafin a tambaye ta. In ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi mata wuya, ta zo a guje.

"To, maganin fa? Irin ƙwayar da Baba ke sha?"

"Ke ba kya buƙatarta yanzu."

"Ko 'yar ƙarama?"

"Ko 'yar ƙarama."

Wannan ne kaɗai ya ɗan rage mata daɗi, domin har ta hango kanta da Baba suna zaune da safe, kowa da kofin ruwansa, suna haɗiya tare.

A hanya ba ta iya jira Yaya ya juyo da mota ba, ta taka da ƙafa, tunda ma likita ta ce a riƙa takawa. Ta gaida mai facin taya da ba ta taɓa gaisarwa ba. Ta wuce shagonta, ta ce wa matar da ke jiran riga ta dawo gobe, yau ana hidima a gidansu. Ta tsaya gaban shagon Baba da ke rufe tun ranar da ya faɗi, ta leƙa ta gilashi, ta yi wa babban madubin gwalo.

"Gwaggo!" ta ƙwala tun daga ƙofar gida. "Gwaggo, jira ya ƙare! Kin duba tafin ƙafa, kin duba kunne, ashe a jijiya yake!"

Gwaggo na zaune a tsakar gida tana taya Umma ninke wanki. Kafin ta gane kan zancen, Hagu ta wuce ta kamar iska ta faɗa ɗakin Baba.

Yana kan kujera a bakin taga, hannun dama a kan matashi, farantin abincinsa a gefe an rufe. Tun da ya dawo gida ya ƙi cin komai da hagu, sai dai Umma ta ba shi a baki, kuma in ta ba shi ma loma kaɗan yake karɓa ya kau da kai. Hagu ta durƙusa gabansa tana haki, ta zayyana masa komai, har da guɗar da nas ɗin.

"Ni ce, Baba. Ba Yaya ba, ba Auta ba. Ni na gaje ka."

Ta jira dariyar nan tasa. Baba ya kalle ta ya daɗe. Ya ɗaga hannun hagu ya rufe fuska, sai ta ga ruwa yana bin tsakanin yatsunsa.

"Su... na ba su hanci," ya ce, kowace kalma sai ya jawo ta. "Na ba su dariya. Ke... wannan na ba ki."

Murnar ta zube mata a take. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ganin hawayen Baba ba, ko ranar da ya faɗi. Ita tana ta tsalle ta sami uba, ba ta tuna ba cewa shi ƙaninsa ya binne saboda wannan jinin, kuma ga hannunsa a kan matashi. Kunya ta kama ta, tausayi ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara ji. Ta tashi ta fita.

Amma Hagu ba ta iya daɗewa cikin baƙin ciki, ba ta da wurin ajiye shi. Washegari da safe ta dawo daga shagonta da wani abu a naɗe cikin ƙyalle, ta karɓi makullin shagon aski a wurin Umma, ta sa Auta ta share, ta buɗe tagogi ƙamshin hoda da man gashi ya tashi. Sannan ta je ta ce wa Baba ana nemansa a shago.

"Wa?"

"Mai aski ake nema, Baba. Kai ne ko akwai wani?"

Ya yi gardama, ta fi shi. Yaya ya riƙo shi suka tako a hankali har bakin madubi. Hagu ta warware ƙyallen, sai ga almakashinta na bahagwai, wanda ta sha wahala kafin ta samu, don duk almakasan duniya na masu dama ne, in bahago ya riƙe sai su tauna yadi su ƙi yankawa. Ƙato ne, na yankan yadi, ya kusa tsawon hannun jariri. Reza kam an ɓoye ta, domin likita ta ce mai shan maganin tsinka jini ba ruwansa da reza.

"Wa za a yi wa askin?" in ji Yaya.

Auta da Hagu suka kalle shi tare.

"A'a. Wallahi a'a. Ni gobe ina da fasinja."

"Kai da aka ce jininka lafiya lau?" in ji Hagu. "Ko an yanke ka nan da nan zai tsaya. Zauna, Yaya, kowa da irin gudummawarsa."

Suka danna shi a kujera, Auta ta ɗaure masa tawul a wuya har sai da ya yi tari. Hagu ta sa wa Baba almakashin a hagu, ta gyara masa babban yatsa, ta nuna masa yadda ake tura shi ba ja ba. Baba ya riƙe abin yana kallonsa kamar an miƙa masa kifi mai rai. Hannun damansa ya ɗan motsa, yatsun suna lallaɓowa za su karɓi aikinsu na shekara da shekaru. Hagu ta zaro mataji daga aljihun rigarsa ta ɗana wa hannun a baya. Ba da zafi ba.

Auta ta toshe baki. Baba ya kalli matajin, ya kalli hannunsa, ya kalli 'yarsa. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, dariyar nan da aka yi makonni ba a ji ba ta fito a karkace ta gefen baki ɗaya, amma ita ce, har mai shayi na tsallaken titi ya ɗago kai ya taya shi bai san abin da ake yi wa ba.

Yankan farko ya tafi da gashi mai yawa a inda bai kamata ba. Na biyu ya je gyara na farko ya ƙara ɓata shi. Yaya ya rufe ido yana salati, yana cewa a bar masa ko na shaida. Mai gyaran babur ya ji hayaniya ya shigo, ya ce shi fa har yau yana bin Baba rabin kai, amma da ya dubi kan Yaya sai ya ce ba sauri yake ba. Hagu ta ɗauki ƙaramin almakashin shagon ta tsaya ta ɗaya gefen, tana yanka a iska a hankali don Baba ya ga yadda wuyan hannu ke juyawa, shi kuma yana bi.

A haka Gwaggo da Umma suka iso. Gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, ba su take kallo ba, madubin take kallo. Mutum biyu sun sunkuya a kan Yaya, kowanne ya karkata kai gefe ɗaya, kowanne ya ɗan turo harshe ta gefen baki ya cije shi da haƙori, kamar yadda Baba ke yi tun yana yaro in aiki ya kai wurin kunne. Ba wanda ya taɓa haɗa su, don shi a shagonsa yake yanka, ita a nata, ba a taɓa ganinsu da almakashi a ɗaki ɗaya ba.

"La ilaha illallahu," in ji Gwaggo, ta ɗaga yatsa ta nuna. "Ga na Baba nan."

Hagu ta ɗago ta ga kanta a madubi da harshe a waje, ta ga Baba a gefenta da nasa. Madubin nan ne dai da ta sha hawa kujera tana bincika. Ashe ba ta taɓa zuwa masa da aiki a hannu ba. Idonta ya cika, ta kasa mayar da harshen.

Baba ma ya gani. Ya sauke almakashi a hankali, ya dafa kafaɗarta da hagu.

"Harshen... ki riƙe," ya ce. "Jinin... da ana mayarwa, da na karɓe."

"Ba na mayarwa, Baba," ta ce, tana share fuska da bayan hannu. "Na daɗe ina jira. Duka biyun nawa ne."

"To ku biyun," in ji Yaya daga cikin tawul, "wani ya duba mini kunnen nan, ina jin iska a inda ban saba ji ba."

Baba ya sake ɗaga almakashin, ya cije harshe, ya ce wa Hagu ta riƙe masa kunnen.